Ku Tambaya Mu Amsa: Sojojina Ba Sa Jin Magana a Dwarf Fortress

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk akan abu ɗaya ne, harkar soja a gem ɗin Dwarf Fortress, shiyasa na haɗa su wuri ɗaya. Ga wanda bai san shi ba, gem ne na kwamfuta da wasu 'yan uwa biyu Amurkawa, Tarn Adams da yayansa Zach, suka fara haɗawa tun 2002, suka sake shi kyauta a 2006, sai a Disambar 2022 aka fitar da mai hotuna a Steam, shagon sayen gem na intanet, tare da kamfanin Kitfox na Kanada. Ana baka wadanni bakwai da keken kaya, ka haƙa musu gari a cikin dutse, ka ciyar dasu, ka kare su daga abokan gaba irin su goblin, wasu miyagun halittu masu kawo hari. Duk bayanin da zan yi akan na Steam ne tunda shi yawancinku kuke bugawa.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ka taimaka min abun nan ya isheni wlh. Ina da sojoji goma cif, goblin suka zo bakin gada na danna musu umarnin kisa, sai naga mutum ɗaya ya fita da gudu shi kaɗai aka kashe shi, can sai wani ya biyo baya shima aka gama dashi, haka ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, wasu ma ko takalmi babu a ƙafarsu. Gem ɗin ne ya lalace ko kwamfutata ce? Daga ɗalibi a Angwan Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, gem ɗin ma haka aka gina shi, kuma in ka gane wannan abu ɗayan toh rabin matsalar soja ta ƙare maka. Kowane soja a gem ɗin nan mutum ne da rayuwarsa, lokacin da ka danna umarnin nan wani yana barci a hawa na takwas ƙarƙashin ƙasa, wani yana ɗakin cin abinci, wani yana can sito yana neman safar hannunsa ta hagu, shi kuma wanda tsautsayi ya kira yana kusa da ƙofa a shirye, shi zai fara isa, shi kaɗai a gaban goblin ashirin. Umarnin kisa abun da yake cewa kawai shine kowa ya nufi abokin gaba daga inda yake, babu ruwansa da jiran juna.

Ga yadda ake yi. Da zarar sanarwar hari ta fito gem zai tsaya, kar ka yi gaggawar sakinsa. Ka danna harafin q ka buɗe rundunoni, ka zaɓi rundunarka, ka basu umarnin tsayawa a wani wuri cikin gida, bayan kwana ko bayan ƙofa, inda idonsu bazai kai kan abokan gaba ba. Maganar idon nan ka riƙe ta da kyau, domin wada in ya hango abokin gaba shikenan ya daina jinka, rugawa zai yi, kuma duk umarnin da zaka danna bazai dawo dashi ba sai ɗaya a cikinsu ya faɗi. Sai ka saki gem ɗin ka zauna kana ƙirga su suna isowa. Kamar motar haya ce a tashar Bauchi Road, bata tashi sai ta cika. In takwas ko tara sun taru da kayansu a jiki, sannan ka matsa dasu gaba tare, ko ma mafi kyau ka barsu nan abokan gaba su zo su same su a lungu mai faɗin taku biyu ko uku inda yawan goblin bazai musu amfani ba.

Na taɓa zama a shagon wani abokina mai gyaran kwamfuta wajen Terminus yana buga nashi, goblin suna kan gada, mun zuba wa allo ido muna bin wani soja guda, gwani ne a gatari, yana ta saukowa matakala hawa bayan hawa zuwa sito don ya ɗauko takalmin ƙarfe ƙafa ɗaya, ya saka, sannan ya juya ya nufi wani sito daban don cika gorar ruwansa. Kafin ya dawo an gama faɗan. Abun da ya jawo haka yana cikin jadawalin runduna, akwai zaɓin ko su riƙa saka kayan yaƙi koyaushe ko sai an basu umarni. Ka mayar dashi koyaushe. Naka sojojin da suka fita babu takalmi wannan ne ciwonsu.

In an gama faɗa kuma dan Allah ka soke umarnin. Mutane da yawa suna mantawa, sojoji su yi ta tsayuwa a bakin ƙofa wata da watanni da yunwa da ƙishi, ransu yana ɓaci, baka sani ba sai wani ya haukace maka a cikin gari.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Na haɗa runduna tun shekarar farko amma har yanzu in na duba ƙwarewarsu babu abun da ya ƙaru, kullum suna ɗaukar duwatsu da sauran mutane. Ya ake sa su atisaye? Kuma su waye ya kamata in ɗauka soja? Ƙanwarka daga Rikkos.

AMSA: Barka kadai ƙanwata. Abu biyu ne sai sun haɗu, bariki da jadawali, in ɗaya babu toh babu atisaye. Bariki shiyya ce da zaki zana a ɗaki kamar yadda kike zana ɗakin kwana ko na cin abinci, amma zanawar kaɗai bata isa ba, sai kin shiga cikinta kin ɗora rundunar akanta kin kunna musu alamar atisaye. Sai ki koma jadawali, zaki ga zaɓi huɗu a shirye, na hutu, na atisaye wasu watanni a huta wasu, na atisaye ba tsayawa, da na zaman shiri. In kin barsu akan hutu toh farar hula ne masu suna soja.

Ni nafi son na karɓa-karɓa ga yawancin rundunoni, saboda wadan nan suna da bukatu, wani yana son zuwa wurin bautarsa, wani yana kewar matarsa da 'ya'yansa, wani in ya daɗe bai ƙera komai da hannunsa ba ransa ɓaci yake. A cikin umarnin atisayen akwai wurin saka mafi ƙarancin mutanen da dole su kasance a bariki, ki sa shi ƙasa da yawan rundunar da mutum biyu ko uku yadda wasu zasu samu su je su ci su yi barci. Shekarar gem wata 12 ce kowane wata kwana 28, kuma zaki iya gyara kowane wata da hannunki, misali ki ce wannan rundunar tana aiki wata biyu ta huta ɗaya, ɗayar kuma ta riƙe ƙofa a watan da waccan take hutu.

Runduna bata wuce mutum goma, amma ba dole bane ki cika ta tun farko. Abun da na lura dashi shine 'yan uku ko huɗu sun fi yawan gwabzawa da juna a bariki, kuma gwabzawar nan ita ke ɗaga ƙwarewa da sauri fiye da zaman kallon darasi. In kin samu baƙo ɗaya cikin masu ƙaura da ya iya makami, ki naɗa shi kwamanda ko kyaftin, shi zai koyar da sauran. Barikin kuma ki yi shi kusa da ƙofar gari, in ɓarawo ko mai satar yara ya shigo dasu zai fara karo, sannan suna ɗan ganin rana, domin wadan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa ranar da ya fito haske jiri da amai ne zasu kama shi, kinga ba a tsakiyar yaƙi ake son haka ba.

Waɗanda bazaki ɗauka ba, na farko masu haƙa, masu saran itace da maharba. Su ukun nan suna da nasu kayan aikin da gem yake ɗauka kamar yunifom, in kin sa su soja sai su yi ta ajiye diga suna ɗaukar takobi suna ajiye takobi suna ɗaukar diga. In lallai kina son mutum, ki cire masa waccan sana'ar tukuna. Kar ki ɗauki maƙerinki guda ɗaya tilo ko likitanki. Mace mai goyo ma ki barta, domin da jaririn a hannu zata shiga faɗa, kuma abun da ke biyo baya babu daɗin gani, in jaririn ya mutu uwar bata komawa daidai.

TAMBAYA: Malam na haƙa ko'ina ban samu tama ba, jan ƙarfe ne kawai da wani dutse wai cassiterite da kuma azurfa kaɗan. Ba sai na sake sabon gari ba kuwa? Kuma na ƙera takalman ƙarfe amma sun ƙi sakawa. Daga Bukuru.

AMSA: Ɗan uwa kai da kake Bukuru ai bai kamata ka raina dutsen nan ba, kuza ce, irin wadda Turawan Ingila suka yi ta haƙa a ƙasar Jos tun farkon ƙarni na 20, wadda ta bar mana tafkunan nan na wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. A gem ɗin ma cikin dutsen giranait ake samunta, daidai da yadda take a nan Filato, mutanen nan sun yi karatun ƙasa sosai kafin su haɗa abunsu. Ka kai kuzar da jan ƙarfen wurin narka ƙarfe a haɗa maka tagulla, ita kuwa tagulla a gem ɗin nan kafaɗa da kafaɗa take da baƙin ƙarfe. Kar ka sake gari, arzikinka yana hannunka.

Jan ƙarfe zalla shine na ƙasa, sai tagulla da baƙin ƙarfe, sai sitil a sama. Shi sitil aiki ne, sai kana da tama, da gawayi ko kwal, da dutsen haɗi irin su laimiston ko mabul ko alli, a fara yin ɗanyen ƙarfe sannan a sake narka shi da wani sandan baƙin ƙarfe a samu sanda biyu na sitil. Tunda baka da tama, ka jira fataken wadanni da suke zuwa da kaka, wakilinsu zai tambaye ka me kake so a kawo baɗi, ka ce sandunan sitil da baƙin ƙarfe. Kuma kowane goblin da ya mutu a ƙofarka ya kawo maka ƙarfe har gida, girman jikinsu ɗaya da wadanni don haka sulkensu yana shiga, wanda bai yi ba a narka. Na 'yan Adam ne baya shiga, yayi wa wadanni girma.

Azurfar nan kar ka yi takobi ko gatari da ita, bata riƙe kaifi, amma tana da nauyi, don haka ka yi gudumar yaƙi da ita, tana fasa ƙashi ta cikin sulke, kuma ranar da matsafi ya tayar maka da gawawwaki zaka gode mata, domin su in ka sare hannu da gatari hannun ma ana iya sake tayar dashi, sai an murƙushe. Gatari na yanke gaɓoɓin goblin, mashi na manyan dodanni masu kauri da sai an soki zuciya ko huhu. Ni runduna ɗaya makami ɗaya nake yi, koyarwa tafi tafiya.

In ƙarfen kaɗan ne ga yadda zan raba. Makami tukuna, sai kwalkwali, sai rigar sulke, sauran su biyo baya. Garkuwa ta katako ma ta wadatar, tarewa ɗaya take yi da ta ƙarfe ga rashin nauyi, har wutar dodo tana tarewa, kar ka ɓata ƙarfe a wurin. Sabon soja in ka lafta masa cikakken sulke tun ranar farko tafiya ma da ƙyar zai yi, sai ƙwarewar ɗaukar sulke ta ƙaru nauyin ke raguwa masa, wannan ma wani dalilin ne na barinsu da kayan a jiki kullum.

Takalman kuwa, takalmin ƙarfe baya hawa kan takalmin gida. Ka shiga yunifom ɗin ka canza daga sakawa akan tufafi zuwa maye gurbin tufafi, sannan ka danna sabunta kaya. Sai dai ka tabbata kayan sun cika kafin ka yi haka, in ba haka ba zasu tuɓe nasu su tsaya babu wando, kuma wannan yana ɓata musu rai ƙwarai.

TAMBAYA: Oga 'yan bakana sun bani haushi. Maimakon su yi harbi sai su ruga su riƙa dukan goblin da bakan kamar sanda har a kashe su. Daga wani mai shago a Dilimi.

AMSA: Alhaji wannan kukan ya daɗe, kusan duk wanda ya taɓa haɗa 'yan baka yayi shi. Bakan nasu irin mai kunama ne, kuma sai abu uku sun cika, bakan, da kwari, da kibau a cikin kwarin. Kwari shi aka fi mantawa, na fata ne, ka sa a ɗinka fiye da yawan sojojin, kibau ma ka yi su da yawa, na katako ko na ƙashi don koyo, na ƙarfe don yaƙi. In kana da maharbi a gari ka sauke shi, yana riƙe kwari da kibau. Ni bana bari a zuba kibau cikin akwati a sito, a fili nake barinsu kusa da inda zasu tsaya. Sannan ka sabunta gem ɗinka, an yi ta gyara harkar 'yan baka tun bayan fitowar 2022.

Wurin koyon harbi daban yake da bariki, zaka kafa abun bara, ka zana shiyya akansa, ka nuna ta wane ɓangare za a riƙa harbi, ka ɗora rundunar. In ka juya ɓangaren ba daidai ba ko mutum ɗaya bazai harba ba.

Amma asalin maganin rugawar nan gini ne. Ɗan baka in kibansa sun ƙare kuma yana ganin hanya zuwa wurin abokin gaba, zai tafi. Toh ka hana shi hanyar. Ka gina musu ɗaki a sama da ƙofa, hawa ɗaya ko biyu, bangon da ke kallon waje ka sassaƙa shi ya zama mai kafofin harbi, ka rufe saman domin suna iya hawa bango ko su kauce wa kibiya su faɗo waje, matakalar ɗakin kuma ta koma cikin gari kawai. Ɗakin ya zama siriri, faɗin taku ɗaya, saboda sai mutum yana manne da bangon yake harbi ta kafar da kyau, in ɗakin yana da faɗi zasu tsaya baya suna kallon juna. Umarnin tsayawa zaka basu a nan, kar ka basu na kisa. Kuma kar ka haɗa su runduna ɗaya da masu gatari, aikinsu daban wurin tsayuwarsu daban.

TAMBAYA: Salam. Ana tsakiyar yaƙi sai in ga farar hula suna fita waje wai zasu ɗauko safar wanda ya mutu, ana kashe min su a banza. Daga Nasarawa Gwong.

AMSA: Wa alaikumus salam. A shafin ayyuka akwai dokokin dindindin, a ciki akwai ɓangaren hari da haramta kaya, ka sa duk kayan wanda ya mutu da gawarsa su zama haramtattu kai tsaye, sai bayan an gama ka halatta da hannunka. Wannan kaɗai zai rage maka asara sosai.

Sai ka zana mafaka tun ana zaman lafiya. Yanki ne da kake shafawa a taswira, ka tabbata ya haɗa da abinci, abun sha, gadaje, asibiti, rijiya da matakalun da ke haɗa su, ka saka duk farar hula a ciki, ka dakatar da ita, ranar hari ka kunna. In ka manta abinci a waje zasu zauna da yunwa a ciki. Masu amfani da DFHack, wani ƙarin kayan aiki da ake ɗora wa gem ɗin wanda kyauta ne a Steam, suna da maɓallin ƙararrawa da ke tura kowa mafaka da gudu, ni ina ganin ya cancanci saukewa ko don wannan.

Gada mai ɗagawa kuma ita ce ƙofarka ta gaskiya. Lokacin gini ka zaɓi mai ɗagawa zuwa ɓangaren gari ta zama bango, ka haɗa ta da liba, wato sandar da ake ja gadar ta ɗaga, libar kuma ka kafa ta a ɗakin cin abinci inda kullum akwai mai zaman banza kusa, ka sa mata suna don kar ka ja wata daban a ruɗe, kuma ka gwada ta tun kafin ranar. A saitin da gem ya zo dashi manyan hare-haren goblin suna fara zuwa ne in mutanenka sun kai 80, don haka daga 50 ka fara shiri da gaske. Da can mutum yana iya ɗaga gada ya zauna ciki har su gaji su tafi, amma tun sabuntawar ƙarshen 2025 maharan suna iya haƙa da gini da rushe abun da ka gina, don haka gada lokaci take saya maka kafin sojoji su taru. Tarkon keji a layin shiga yana taimakawa, sai dai akwai halittun da baya kamawa.

TAMBAYA: Malam mun ci yaƙi amma bayan wata ɗaya sojojin da suka ji rauni suka fara mutuwa a gado, sannan wani ya rikiɗa ya zama dabba a cikin asibiti ya kashe mutum shida. Na kusa kuka wlh. Daga ɗalibar jinya a Jos.

AMSA: Sannu ƙanwata, na san zafin, mutum ya raini soja tun bai iya riƙe garkuwa ba ya ga ya tafi a gado. Ke da kike karatun jinya zaki gane abun da sauri. Majinyaci a gem ɗin nan ruwa kaɗai ake bashi ya sha, don haka in babu rijiya ko bokiti ƙishi ne zai kashe shi, kuma a ƙasa mai sanyi rafin waje ƙanƙara yake zama da hunturu, shiyasa rijiyar cikin gida kusa da asibiti take da muhimmanci. Na biyu sabulu, in an wanke ciwo babu shi ciwon yana iya ruɓewa ya kashe mutum bayan makonni. Ana yinsa da ruwan toka da kitse ko mai, hanyar tana da tsawo, toh ki fara tun shekarar farko ko ta biyu. Sai zare na ɗinki, ƙyalle, tsinken ɗori, sandar guragu, tebur na tiyata, gadon jan ƙashi, da akwati a cikin asibitin da za a ajiye su. Ki naɗa babban likita, ki saka masu duba cuta da mai tiyata da mai ɗori, ki rage musu sauran ayyuka.

Wanda ya rikiɗa kuwa cizonsa aka yi. Mai rikiɗa yana zuwa ne daren da wata ya cika, duk wanda ya ciza har haƙori ya huda fata yana iya ɗauka, wata mai zuwa shima ya rikiɗa. Bayan irin wannan faɗan ki tsayar da gem ki buɗe rahoton faɗa ki karanta layi-layi, zaki ga an rubuta ya ciji wane a hannun dama, ya yaga fata ko tsoka. Duk sunan da kika gani haka ki rubuta a takarda, ki kai shi ɗaki shi kaɗai ki toshe da bango, ba ƙofa ba domin suna fasa ƙofa, ki jira wata ya cika ki gani. In bai rikiɗa ba ki buɗe masa. Cikakken sulken ƙarfe yana hana cizon shiga, shiyasa bana tura masu rigar fata wurin irin wannan.

Waɗanda suka mutu kuma ki binne su da wuri, akwatin gawa a makabarta, in ba a samu gawar ba a sassaƙa allon tunawa da sunansa, in ba haka ba fatalwarsa zata dawo. Gawawwakin goblin ki sa a kwashe zuwa inda mutane basa wucewa, ganinsu kullum yana tara wa farar hula damuwa. Rundunar da ta yi faɗan ki bata hutun wata guda ko biyu.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 15 ya nace da gem ɗin nan, naji yana maganar yaƙi da kisa. Akwai matsala? Maman yara daga Gangare.

AMSA: Hajiya gaskiya zan faɗa miki yadda yake ki yanke hukunci da kanki. Hotunan ƙanana ne, amma rahoton faɗa a rubuce yake dalla-dalla, karyewar ƙashi da yankewar hannu duk ana faɗa. Wadannin cikin labarin giya suke sha, kuma suna da wuraren bautar allolin ƙirƙira. A ɗaya ɓangaren babu caca a ciki, ba a hira da baƙi, ba a sayen komai bayan kuɗin farko, kuma yaro zai koyi tsari da lissafin kaya da Turanci da sunayen duwatsu. Abun da nafi ji masa shine cin lokaci, mutum zai zauna bayan Isha'i ya ɗago ya ga dare ya raba. Ki sa masa ƙa'ida, bayan karatu da sallah, kuma wata rana ki zauna kusa ki ce ya nuna miki garinsa.

TAMBAYA: Zan iya tura sojoji su kai wa goblin hari a garinsu? Kuma laftof ɗina tsohuwa ce tana jan ƙafa lokacin yaƙi. Daga Farin Gada.

AMSA: Zaka iya, tun 2017 aka saka wannan, ta taswirar duniya zaka zaɓi garin ka zaɓi irin harin, na sata a ɓoye ko na fito-na-fito ko na rushewa. Amma suna tafiya ne su bar taswirarka gaba ɗaya, baka ganin faɗan sai rahoto, wani lokacin a kama wasu ko a kashe, kuma in an gane ku ne kun jawo yaƙi. Kar ka tura sai kana da wata rundunar ƙwararru da zata zauna gida.

Laftof kuwa, gem ɗin nan ƙwaƙwalwar kwamfuta yake ci fiye da katin hoto. Ka zaɓi ƙaramin fili lokacin kafa gari, ka rage iyakar yawan mutane a saiti zuwa abun da injinka zai ɗauka, ka rage dabbobin da ke yawo, maguna musamman. Lokacin faɗa ka riƙa tsayarwa da maɓallin sifes kana matsawa taku-taku da maɓallin ɗigo, zaka fi ganin abun da ke faruwa. In batirinka baya riƙe caji ka yi sebin da hannunka da zarar an sanar da hari, kafin ka bada umarnin farko, saboda in aka ɗauke wuta a tsakiya daga sebin na baya zaka dawo.